3.4 Jigon Soyayya Tsakanin Gidaje Masu Gaba

A wannan fasali za a duba wani jigo da ya yi ƙarfi a wasannin talabijin na ƙasar Tailan, waɗanda masu ƙasar ke kira lakon, wato soyayyar saurayi da budurwa da iyayensu ba sa ga-maciji da juna. Za a auna shi da labaran soyayya na Hausa, sa'an nan a duba yadda yake zama idan aka ɗora shi a kan rayuwar mutanen Kazage ta ƙasar Birnin Gwari.

Tushen wannan jigo a adabin Tailan na zamani shi ne littafin Plae Kao, ma'ana tsohon tabo, wanda Mai Muangdoem ya wallafa a 1936. Labarin Kwan ne da Riam, 'ya'yan manoman shinkafa a Bang Kapi, bakin magudanar ruwa ta Saen Saep. Iyayensu maza sun daɗe da gaba. Da mahaifin Riam ya gane abin da ke tsakaninsu sai ya sayar da ita ga wata attajira a birnin Bankok. Ta dawo bayan shekaru ta zama 'yar birni, amma ƙarshenta su biyun a cikin ruwan nan suka mutu. An mai da labarin fim sau da dama, wanda ya fi shahara shi ne na Cherd Songsri na 1977. A talabijin kuwa akwai Duang Jai Akkanee, wanda tasha ta 3 ta nuna a 2010, inda Nadech Kugimiya da Urassaya Sperbund suka fito a matsayin 'ya'yan gidajen kiwon shanu biyu da shinge ya raba. A nan ba a mutu ba, soyayyar yaran ce ta kashe gabar manya.

Abin lura a wasannin biyu shi ne gidajen tsarar juna ne, ba wanda ya fi wani nisa. Abin da ya hana auren tsohon rikici ne da yaran suka tarar, ba su san farkonsa ba.

Bahaushe ya san wannan jigo tun kafin ya ji sunan lakon, ta hanyar finafinan Indiya da aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na Kano irin su Plaza da Marhaba. Alal misali a Qayamat Se Qayamat Tak na 1988 jini ne tsakanin gidajen biyu, kuma da aka harbe budurwar sai saurayin ya soka wa kansa wuƙa. Brian Larkin ya nuna a 1997 yadda marubutan littattafan soyayya na Kano suka sha daga wannan rijiya. To amma da aka zo aro sai aka yi zaɓe. An ɗauki waƙa da rawa, an ɗauki soyayyar mutum uku, an ɗauki auren dole, gabar gidaje kuwa ba ta samu karɓuwa sosai ba.

Idan aka ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tun a shekarun 1930, za a ga cewa dukiyar Malam Shehu ce ta raba Abubakar da Zainab. Gabar da ke cikin littafin bayan auren ta taso, ita ce 'yar rikicin ba uwarsa ba. Haka abin yake a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991): Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka ne, Abdulƙadir kuma mai kuɗi. A fim ɗin Sangaya yarima ne da baiwar gida. Ke nan katangar da ke tsakanin masoya a labarin Hausa ta sama da ƙasa ce, wato arziki da talauci ko sarauta da talakanci. Ba kasafai take zama ta maƙwabci da maƙwabci ba.

Ana iya kawo dalilai biyu. Na farko, a al'adar Bahaushe aure shi kansa maganin gaba ne. Sarakuna sun sha ba da 'ya'yansu ga waɗanda suka yi yaƙi da su, kuma wasannin barkwanci irin na Katsinawa da Gobirawa, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, akasari ana danganta asalinsu ga tsohon yaƙi ko auratayya. Uban da ya hana 'yarsa aure don ya yi shari'ar gona da uban yaro, mai unguwa da liman da dattawan dangi za su yi ta sintiri a zaurensa har ya sauko. Labarin da za a kashe a zaure ɗaya kuwa ba zai cika littafi ba. Na biyu shi ne ƙarshen labarin. Mutuwar masoya da hannunsu, wadda mai kallo a Bankok ko Bombai zai ɗauka cikar alkawari ce, a wurin Musulmi babban zunubi ne. Faɗawar da Sumayya ta yi cikin rijiya, duk da cewa an ceto ta, ta jawo wa Gidan Dabino suka mai yawa. Hukumar tace finafinai da Jihar Kano ta kafa a 2001 ta ƙara tsuke wannan ƙofa.

Sai dai dalili na farko ya dogara ne a kan sharaɗi guda, wato a ce akwai zauren da za a zauna da dattawan da ake jin maganarsu. A nan ne Kazage ta shigo cikin wannan nazari.

Kazage ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, tana ɓangaren gabas, kuma garin Damari a cikinta yake. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma kamar sauran ƙasar Hausa, manomi da makiyayi sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Ɓarnar gona takan jawo faɗa, amma akan biya diyya a gaban dagaci a wuce wurin. Daga shekarun 2010 satar shanu da garkuwa da mutane suka mamaye dazuzzukan yankin, har da dajin Kamuku, 'yan sa-kai suka tashi, ramuwar gayya ta bi ramuwar gayya. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, wadda ake kira BEPU, ta ba da rahoton cewa mutanen Damari sun watse saboda hare-hare. Gabar da ta samu a nan ta wuce ta gida biyu. Mutum yakan zama abin zargi saboda harshensa ko rugar da ya fito, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma wanda ya haɗa jini da ɓangarorin biyu shi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin kowane gefe na iya kiransa ɗan leƙen asiri.

Shi auren ma bai tsira ba. A shekarar nan ta 2022 ƙungiyar ta bayyana cewa 'yan Ansaru sun auri 'yan mata a Tsohuwar Kuyello, wadda ke gabashin masarautar ita ma. Dabarar sarakunan da ce, ta neman gindin zama ta hanyar surukuta, amma a hannun masu bindiga. Da wuya a kira wannan sulhu, tun da uban yarinya ba shi da bakin cewa a'a.

Saboda haka wasannin Tailan biyun nan ba daidai suke zama a ma'aunin Kazage ba. Duang Jai Akkanee ya ɗauka cewa gaba taurin kan tsofaffi biyu ce, da sun ga 'ya'yansu na son juna sai su ji kunya. Wannan ya yi kama da rikicin gona na da, bai yi kama da na yanzu ba. Plae Kao ya fi kusa, domin a cikinsa an raba yarinya da ƙauyenta, an yi ciniki da ita, kuma da ta dawo ba ta tarar da abin da ta bari ba. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Kasuwa ce ta fara haɗa mutanen, ba ɗaurin aure ba.