Garin Kwal na Cirozerin: Kamfanin SONICHAR Ya Cika Shekara 50

A shekarar 2025 ne kamfanin haƙar kwal na Jamhuriyar Nijar, watau SONICHAR, ya cika shekara 50 da kafuwa. An kafa shi a 1975 domin haƙar kwal ɗin Anu Araren, kusa da garin Cirozerin da ke jihar Agadas, kuma a kan wannan sana'a ne garin ya bunƙasa.

Dalilin kafa kamfanin shi ne yuraniyom. Mahaƙan Arlit na bukatar wutar lantarki mai yawa, ga kuma tsadar jigilar man fetur zuwa cikin hamada. Saboda haka aka gina tashar lantarki dab da ramin haƙar, wadda ta fara aiki a 1981. Da yake kwal ɗin yana da yawan toka, ƙona shi nan take ya fi riba a kan ɗaukarsa zuwa nesa.

Sai dai dogaro ga abokan ciniki ƙalilan yana da haɗari. A watan Maris na 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK da ke Akokan, lamarin da ya raba SONICHAR da ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarsa. Saura mahaƙar SOMAIR da kamfanin NIGELEC, mai raba wuta a Agadas da Arlit.