Agogon Hannu Mai Batir Ya Tsaya? Ga Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take Kafin A Yar Da Shi

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka kuma shafe kusan wata uku a haka. A daidai lokacin ne gwamnatin jihar ta hana sana'ar cajin waya a yankunan. Mutumin Ƙetare da ya saba duba lokaci a ƙaramar wayarsa ya ga iyakarta. Caji ya ƙare babu inda za a kai, in kuma an cire batir an mayar, da yawa daga ƙananan wayoyin nan sukan manta ƙarfe nawa ne, su zauna jiran sabis ya saita musu. Agogon hannu kuwa ba ruwansa da sabis, ba ruwansa da NEPA. Ɗan batir da bai fi ƙwayar magani ba yakan riƙe shi shekara biyu zuwa uku.

Duk da haka ba a rasa agogo a jefe cikin kwalla ko aljihun jaka, an yanke masa hukunci da cewa "an sa masa sabon batir bai tashi ba". Mafi yawan irin waɗannan agoguna ba su mutu ba. Wuta ce ta katse a wani wuri guda a cikinsu, kuma wuraren da za ta iya katsewa ba su fi biyar ba. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mita a hannu zai gano wurin cikin minti goma.

Abin da ke cikin agogon

Kalmar Quartz da ake gani a fuskar agogo sunan dutse ne, irin farin dutsen nan mai ƙyalli da Bahaushe ke kira ƙanƙara, sunan da ya zo ɗaya da na garin. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in an matsa wannan dutse yakan fitar da 'yar wuta. Daga baya aka tabbatar da akasin haka: in an ba shi wuta yakan motsa. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da agogon hannu mai aiki da shi, mai suna Astron, ranar 25 ga Disamba, 1969, a kan kuɗin da ya kai na ƙaramar mota a lokacin. Yau ga shi a faifan mai talla a tasha.

A cikin agogo an yanka dutsen siriri mai baki biyu, an rufe shi cikin wani ɗan bututun ƙarfe mai kama da ƙwayar shinkafa. Batir na ba shi wuta, shi kuma yana karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Ba da ka aka zaɓi wannan lamba ba. In aka raba ta biyu, aka sake raba sakamakon biyu, har sau 15, ɗaya za ta rage. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san lambar, domin lissafin kwamfuta da bibbiyu yake tafiya. Aikin rabawar na ƙaramin IC ne, wanda a agoguna masu araha ake ganinsa kamar ɗigon kwalta a kan fanel. Kowace daƙiƙa IC zai tura wuta sau ɗaya zuwa kwayil, kwayil ya zama maganaɗisu na ɗan lokaci, ya juya wani ƙaramin mayen ƙarfe rabin zagaye, shi kuma ya tura giyoyin da ke ɗauke da hannuwan agogo.

Hanyar ke nan: batir, ƙarafunan da ke taɓa batir, fanel mai ɗauke da dutse da IC, kwayil, sai giyoyi. A wannan jeri ake bincike, ba a tsallake.

Kafin a buɗe baya

Hannun daƙiƙa yakan faɗi rabin labarin. In yana tsalle daƙiƙa biyu ko huɗu lokaci guda amma lokacin daidai ne, agogon lafiyarsa ƙalau, an ƙera shi ne ya yi hakan don sanar da cewa batir ya kusa ƙarewa. In yana motsi gaba da baya a wuri ɗaya, wuta tana isa kwayil, ƙarfin turawa ne ya gaza, ko batir ya yi rauni ko wani abu ya toshe giyoyi. In an kara a kunne ana jin bugawa amma hannuwa ba sa tafiya, lantarkin ba shi da laifi, a duba ko hannu ya lanƙwashe yana gogar gilashi ko yana kama ɗan'uwansa. Shirun da babu ko motsi shi ne ke buƙatar mita.

A kuma duba ɗan kan da ake murzawa a saita lokaci. In a jawe yake, agogo ba zai tafi ba, kuma sabon agogo yakan zo da 'yar roba a maƙale a wurin don kada batir ya ci a shago.

Batir, inda aka fi cutar masu agogo

Yawancin agoguna masu hannuwa suna amfani da batir mai lamba SR626SW, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa 377. Na azurfa ne, ƙarfinsa 1.55V, kuma yakan riƙe wannan ƙarfi kusan har ƙarshen rayuwarsa. Akwai wani mai girmansa sak, LR626 ko AG4, wanda ake sayarwa goma a kati da arha. Wannan irin na tocila ne aka ƙanƙanta. Ƙarfinsa na raguwa a hankali tun daga ranar farko, ba ya daɗewa, kuma ya fi saurin yoyo, musamman a zafin bazara. Ruwan da yake zubarwa yakan bushe ya zama farin gari ko kore a kan ƙarafunan, ya ci su, wani lokaci ya gangara har kan fanel. Agogon da aka ajiye shekara guda da mataccen batir irin wannan a ciki ya fi wanda ake ɗaurawa kullum shiga haɗari.

"Sabo" ba hujja ba ce. Batir na iya shekara a kati cikin rana kafin a saye shi. A juya mita zuwa 2V ko 20V na DC a auna. Na azurfa da ya sauka ƙasa da 1.5V ya fara bankwana. Ɗanɗana shi da harshe ba ya nuna komai. Irin mitar da ake buƙata ita ce 'yar rawaya ko baƙar nan da masu gyaran waya da rediyo ke amfani da ita, ana samunta a Funtuwa ko Malumfashi, ko a kasuwar Farm Centre da Sabon Gari a Kano.

Kada a ɗauki batir da hantsakin ƙarfe, domin yakan haɗa samansa da ƙasansa ya zuƙe shi nan take. Na roba ko na itace ake so. Akwai kuma wata 'yar leda siririya a ƙarƙashin batir a agoguna da yawa, wadda ke hana ɓangarorin biyu haɗuwa. Mai gyaran da ya ɗauka datti ce ya hure ta, ya jawo wa agogon cin batir cikin kwanaki. In an ga farin gari a ƙarafunan, a kankare da tsinken sakace, a goge da ɗan sifirit, a bar shi ya bushe, sannan a ɗan ɗaga ƙarfen ƙasa kaɗan don ya taɓa batir sosai. Agoguna masu yawa a nan gyaransu ke ƙarewa. Tsohon batir kuma a nisanta shi da yara, haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Kwayil

In batir da ƙarafunansa sun tsira, kwayil ne abin zargi na gaba, ba IC ba. Shi ne dogon abin nan mai launin jan gaci a gefen inji. Waya ce da ta fi gashin kai siranta, an naɗa ta sau dubbai, kuma a fili take ba mayafi, sau da yawa dab da mazaunin batir. Sukudireba ya zame sau ɗaya wajen ɓanɓaro batir, ko bakin wuƙar da aka buɗe baya da ita ya wuce ciki, ya isa ya tsinke zare guda. Wannan ne asalin labarin agogon da aka kai canjin batir yana tafiya, aka dawo da shi shiru. Ido ba lallai ya ga tsagar ba sai da gilashin ƙara girma.

Gwajin ba wuya. A cire batir tukuna. A juya mita zuwa wurin alamar Ω, a kan 20k, a ɗora allurai biyu a kan ƙananan faranti biyu da bakin wayar ke ƙarewa a kansu, ba a kan naɗin ba. Kwayil mai lafiya yakan nuna tsakanin 1.5 da 3.5, wato om dubu ɗaya da rabi zuwa dubu uku da rabi, gwargwadon irin injin. In mita ta tsaya a kan 1 ko OL kamar ba ta taɓa komai ba, waya ta tsinke. In ta nuna kusan sifili, naɗin ya haɗe da juna. Ba a sake naɗa kwayil da hannu. Ana ciro wani ne daga mataccen inji irinsa, shi ya sa mai gyaran kirki ba ya zubar da tsohon agogo.

Fanel da dutse

Kwayil lafiya, batir lafiya, amma shiru: sai a tambayi fanel ko yana aika wuta. A mayar da batir, a ɗora alluran mita mai tsinke a bakin kwayil, a kan ma'auni mafi ƙanƙanta na DC. In fanel na aiki, tsinken zai riƙa ɗan zabura kowace daƙiƙa, sau ɗaya dama sau ɗaya hagu, domin IC na juya fuskar wutar a kowane bugu. Mita mai lambobi ba ta cika kama wannan ba, bugun ya yi mata gajarta. In babu zabura, ko dutsen ya karye, abin da faɗuwa a kan siminti ke jawowa, ko danshi ya kashe IC. Dutsen ana iya canza shi da dalma, irinsa ne a agogon bango da fanel ɗin kwamfuta, amma a agogo mai araha wahalar ta fi kuɗin sabon inji.

Akwai lissafin da ke wanke dutsen daga zargin da ake yawan ɗora masa. An yanka shi ne ya fi daidaito a ma'aunin zafi 25. In zafi ya hau ko ya sauka daga nan, yakan rage sauri kaɗan. Ko da agogo zai zauna a zafi 40 dare da rana, abin da zai rasa bai kai daƙiƙa ɗaya a yini ba, kamar daƙiƙa 20 a wata. Don haka agogon da ke lattin minti biyar ko goma a rana ba dutse ne matsalarsa ba. Bugu yana zuwa daidai, giyoyi ne ke ƙin amsawa wani lokaci. Ƙurar hunturu, tsohon mai da ya daskare, ko ɓarɓashin ƙarfe da mayen ƙarfen ciki ya jawo wa kansa, su ne masu laifi. Ajiye agogo a kan sifika ko jikin lasifikar waya ma na iya tsayar da shi na ɗan lokaci. Maganin giyoyi wanki ne, ba ɗiga man keken ɗinki ko kalanzir ba, wanda ƙara kama ƙura kawai zai yi.

Datti na da wata alama: cin batir. SR626SW na ɗauke da kamar 28mAh, a kwatanta da 5,000mAh na wayar Android. Inji mai lafiya na jan kusan kashi ɗaya bisa miliyan na amp, shi ya sa batir ke kai shekara uku. In nagari na ƙarewa cikin wata huɗu ko biyar, akwai inda wuta ke zuba, ko danshi a fanel ko inji mai nauyin juyawa.

Masu lambobi

Agogo irin Casio F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma har yau ake ƙera shi, ba shi da kwayil ko giya. Batirinsa CR2016 ne mai 3V, yakan yi kamar shekara bakwai. In an sa sabo fuskar ta ƙi kawowa ko ta kawo shirme, a nemi inda aka rubuta AC a jikin inji, a haɗa wurin da saman batir da hantsakin ƙarfe na daƙiƙa biyu. Tamkar kashe waya ne a kunna. In wasu sassan lambobi sun ɓace, laifin wata siririyar roba ce mai layi-layi da ke kai wuta daga fanel zuwa gilashi, a goge ta da sifirit a mayar daidai. In ƙararrawa ta daina kuka bayan canjin batir, ɗan ƙarfen da ke taɓa murfin baya ne ya faɗi ko ya lanƙwashe. Fuskar da ta yi baƙi don an bar ta a rana takan dawo in ta huce.

Lokacin canza inji

Injunan da suka fi yawa a kasuwa su ne Miyota 2035 na Japan, PC21, da SL68 na China, lambar tana rubuce a jikinsu. Miyota na ƙarfe ne, ana kwance shi a wanke a canza masa kwayil. Masu araha na roba ne da aka manne, ba don a gyara aka yi su ba. In yoyon batir ya ci fanel ko tsatsa ta kama giyoyi, a sayi inji mai lamba ɗaya, a mayar masa da fuska da hannuwan tsohon, a yanke sandar saiti daidai tsawon ta da.

Kafin a rufe baya a duba robar zobe da ke bakin murfi. In ta bushe ko ta tsinke, ruwan alwala da gumi ta nan za su shiga, kuma rubutun 30M a bayan agogo fantsamar ruwa kawai yake nufi, ba wanka ba. Da an ga hazo a cikin gilashi, a buɗe bayan a ranar, a cire batir, a bar agogon ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu kafin a mayar.