Bindigar Toka a Lokacin Marka

Daga Funtua zuwa Bakori, Ƙafur da Malumfashi, da wuya ka rasa ƙauyen da babu bindigar toka rataye a ɗakin wani dattijo. Maƙeran gida ne ke ƙera ta, ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma, a sake dannawa da sandar ɗuri. Aikin yana cin lokaci, shi ya sa wasu ke kiran ta harba-ruga. Birin da ya shigo masara kuwa ba zai jira a gama ɗuri ba, don haka yawanci a ɗure take kwana.

A nan wahalar take. Albarushi haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri, kuma yana shan danshi. A watan Agusta, lokacin da marka kan hana rana fitowa kwana da kwanaki, sai ya dunƙule ya ƙi kamawa. Mafarautan zamanin da, a ƙaho ko ƙaramin gora suke ajiye shi, su toshe bakin sosai. Na yanzu sun koma robar magani mai murfi. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a jingina shi da bangon da ya sha ruwa. In ya yi sanyi, a faranti ake shanya shi a rana, nesa da murhu. Bakin bindigar ma akan cusa masa tsumma, saboda raɓa da zanzaro mai gina gidan laka a kowane rami.

Abin da ya fi ba su tsoro shi ne bindigar da aka ja kunamarta ta yi shiru. Albarushi mai danshi yakan ci wuta a hankali, ya tashi bayan mutum ya sauke ta. Gogaggen maharbi ba ya leƙa bakin, yakan riƙe ta yana fuskantar daji har a jima. Haka kuma yakan zura sandar ɗuri kafin ya ƙara komai, domin ɗuri kan ɗuri na fasa bututu, ya tafi da yatsu.

A gida, can sama ake rataye ta inda hannun yaro bai kaiwa. Ba a tsallake ta, ba a nuna mutum da ita ko da wasa. Wasu na danganta wannan da karyewar asiri, amma ko ba asiri, dokar ta tsare rayuka da yawa.

Dokar Makamai ta 1959 ta ware wa irin wannan bindiga rukuninta, tare da sharaɗin lasisi. Yau da matsalar 'yan bindigar daji ta addabi Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, bindigar ta koma hannun 'yan sintiri, samari da yawa ba su yi zaman koyo gaban Sarkin Baka, shugaban maharba, ba. Su ne suka fi bukatar dattawan nan su zaunar da su.