TARIHIN ƘARAMIN DOGO DA KAWUNAN JIRAGENSA

Yawancinmu mun taɓa tsallake layin dogo, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su auna tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu. Wannan tazara ita ake kira faɗin dogo, kuma ita ce ke yanke girman jirgin da zai bi hanyar, da nauyin da zai ɗauka, da kuɗin da za a kashe wajen gina ta. Faɗin da ya fi yawa a duniya shi ne ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wanda George Stephenson ya yi aiki da shi a Ingila. Duk dogon da bai kai wannan faɗi ba, shi ne ƙaramin dogo.

Me ya sa mutane za su bar babba su zaɓi ƙarami? Dalili na fari shi ne kuɗi, na biyu kuwa duwatsu. Babban dogo yana son hanya miƙaƙƙiya. In ya tarar da tsauni, sai an fasa shi, in ya tarar da kwari, sai an yi masa babbar gada. Ƙaramin dogo kuwa yana iya shan kwana mai tsanani, sai ya zagaya tsaunin kamar yadda hanyar jakuna take yi. Ƙarafansa ba su da nauyi, gadojinsa ƙanana ne, ƙasar da za a haƙa ma kaɗan ce.

Labarin ya fi shahara daga yankin Wales na ƙasar Birtaniya. A can akwai tsaunuka inda ake fasa wani dutse fale-fale, wanda ake rufin ɗaki da shi, ake kuma yin allon 'yan makaranta. A shekarar 1836 aka buɗe dogon Ffestiniog domin kai dutsen nan bakin teku a Porthmadog, tafiyar wajen mil 13. Faɗinsa bai cika ƙafa 2 ba. Da farko ba shi da inji ko ɗaya. Taragun da ke cike da dutse su ke gangarowa da kansu, dawakai na tsaye a cikin wani tarago a baya. In an sauke kaya, sai a fito da dawakan su ja taragun su koma bisa.

Da ciniki ya ƙaru, dawakai suka kasa. A 1863 aka kawo kawunan jirgi masu aiki da tururi, ko da yake masana da yawa suna ganin inji ba zai yi wani aikin kirki a kan dogo siriri haka ba. Suna da hujja. Ƙarfin kan jirgi yana fitowa ne daga tukunyar da ake tafasa ruwa a ciki. In an yi tukunyar ƙarama, ba ƙarfi. In an yi ta doguwa a kan ƙafafu masu yawa, injin ba zai iya shan kwana ba.

Wani injiniya mai suna Robert Fairlie ne ya kawo mafita. Ya ƙera kan jirgi mai fuska biyu, da bututun hayaƙi a kowane gefe, direba da mai zuba kwal suna tsakiya. Ƙafafun kuwa ya raba su kashi biyu, kowane kashi yana juyawa da kansa a ƙarƙashin tukunya. Injinsa mai suna Little Wonder ya fara aiki a 1869, kuma a 1870 baƙi daga ƙasashe da dama, har da Rasha, suka zo suka ga yadda yake jan kaya. Daga nan ƙaramin dogo ya sami karɓuwa. A Indiya an gama dogon Darjeeling a 1881, mai faɗin ƙafa 2, wanda ke hawa tsaunukan Himalaya. Daga baya Herbert Garratt ya zo da wata dabara: ya rataye tukunya tsakanin injuna biyu kamar kayan da mutum biyu suka ɗauka a kan sanda. Kamfanin Beyer Peacock na Manchester ya ƙera na farko a 1909 domin tsibirin Tasmaniya. Irin waɗannan sun yi aiki sosai a Afirka, an kuma kawo su Nijeriya a shekarun 1930.

A nan ya kamata mu san wani abu: tsohon dogon Nijeriya, wanda muke gani babba ne, shi ma ƙaramin dogo ne. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, irin na Afirka ta Kudu. Da wannan faɗi jirgi ya isa Ibadan daga Legas a 1901, ya kuma isa Kano daga Baro a 1911. Turawan mulki sun zaɓe shi ne saboda arha, don abin da suke so shi ne a kai amfanin gona da ma'adinai bakin teku.

Amma an yi wanda ya fi wannan ƙanƙanta, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6. A 1901 Lugard ya sa aka shimfiɗa irinsa tsakanin Wushishi da Zungeru, aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Bai daɗe ba, domin da babban layi ya iso Zungeru amfaninsa ya ƙare.

Wanda ya fi suna shi ne dogon Zariya zuwa Jos. Kafin a gina shi, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka daga tsaunukan Jos zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa. Kamfanonin kuza suka matsa wa gwamnati, aka fara aiki daga Zariya. Dogon ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya isa Rahama a 1912, ya hau ta Jengre zuwa Jos, ya ƙare a Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Turawa sun sa masa sunan Bauchi, alhali bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Dalili shi ne a lokacin tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauchi. Ƙananan injunansa su ne suka hau da manyan kayan haƙar kuza zuwa tudun da ya kai wajen ƙafa 4,000, suka kawo hatsi da ma'aikata, Jos ta zama gari.

Sai dai Hausawa sun ce arha ba ta ado. Taragon ƙaramin layi ba ya hawa babban layi. Saboda haka duk buhun kuza da ya iso Zariya sai an sauke shi, an sake loda shi a wani jirgin. Kowane saukewa da lodi kuɗi ne da ɓata lokaci. Jirgin kuma ba ya sauri, domin dogo siriri ba ya jure gudu. A 1927 layin Fatakwal ya iso Bukuru da Jos ta Kafanchan, da faɗin ƙafa 3 da inci 6, yana kawo kwal daga Inugu, yana kai kuza bakin teku ba tare da canjin jirgi ba. Tun daga nan ƙaramin layin ya fara rasa kaya. Manyan motoci suka zo suka kwashe sauran, aka rufe shi a 1957. An ajiye wasu kawunansa da taragu kusa da gidan tarihi na Jos.

Batun faɗi bai ƙare ba. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, duka an yi su ne da faɗin Stephenson. Ke nan ƙasarmu ta sake samun dogo iri biyu waɗanda jiragensu ba sa hawa na juna, kamar yadda aka yi a Zariya a da.

Ba mu ce waɗanda suka gina ƙaramin dogo sun yi wauta ba. Da sun jira kuɗin babba, da Jos ta daɗe tana dogara ga kan 'yan dako. Amma ma'aunin da suka zaɓa ya ɗaure hannun na bayansu shekaru masu yawa. Ku ɗalibanmu, a cikinku akwai waɗanda za su zama injiniyoyi da masu tsara ayyukan ƙasa. Ran da aka ba ku zaɓi tsakanin mai arha da mai tsada, ku yi lissafin kuɗin yau, sa'an nan ku yi lissafin wanda zai yi lodi da saukewa bayan shekara 40.