Mai Juna Biyu, Ki Dakata da Nutso a Tafki

'Yar'uwa, lokacin zafi ruwan tafki ko na dam yana da ban sha'awa. Sai dai nutso ba naki ba ne sai kin sauka lafiya, ko da tafkin ba shi da zurfi.

Masu nutso da tukunyar iska a baya suna shaƙar iska mai matsi. A zurfin mita 10 kawai, matsin ya ninka na waje. Iskar naitirojin tana narkewa cikin jini, idan an taso kuma ta zama ƙananan kumfa. Huhunki yana tace wannan kumfa. Jinin jaririn da ke cikinki kuwa yawancinsa ba ya bi ta huhu, don haka kumfar na iya kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Shi ya sa likitoci suka hana mai ciki irin wannan nutso.

Nutso da riƙe numfashi shi ma yana da haɗari. Iskar oksijin tana raguwa a jininki, alhali daga nan jariri yake samun tasa, kuma kina iya suma cikin ruwa.

Ga kuma tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga dodon koɗi, ta shiga ta fata ko da a bakin gaɓa kika tsaya, ta jawo fitsarin jini da ƙarancin jini. Idan kin shiga irin wannan ruwa, ki faɗa mana ranar awo. Akwai magani, praziquantel, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba masu ciki.

Maigida, a taimaka mata da ruwan wanka mai tsafta a gida. Allah Ya raba lafiya.