Funfuna da Lalacewar Kaset: Barazana ga Adabin Bakan Kudancin Kano

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1963 da kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da ƙaramin kaset, ɗaukar murya ya sauka daga hannun gidajen rediyo ya shiga hannun talaka. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda aka kafa a Kano a 1969, ta dogara da rikoda wajen tattara adabin baka, haka kuma ɗalibai masu rubuta kundi. Muryoyin irin su Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun yaɗu ko'ina, don haka da wuya su ɓace gaba ɗaya. Waɗanda ke cikin haɗari su ne muryoyin da aka ɗauka sau ɗaya tak: kiɗan noma, da kirarin mafarautan dajin Falgore, da tafsirin malaman ƙauye, da hirar tsofaffin masu haƙar kuza a Riruwai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa danshi ne babban makashin waɗannan kasakasai, sannan ta bayyana yadda za a cece su.

Yadda zaren kaset yake

Zaren kaset na minti 60 yana da tsawon kimanin mita 90, faɗinsa kuwa bai kai milimita 4 ba. Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi shi. Na farko shi ne shimfiɗar roba, na biyu garin ƙarfe mai ɗaukar maganaɗisu, wanda a jikinsa murya ke zama, na uku kuma danƙon da ke riƙe garin a kan robar. Wannan danƙo shi ne raunin zaren. Idan ya daɗe yana shan laima sai ya saki, ya yi yauƙi, zaren ya riƙa ƙugi a cikin rikoda yana barin wani jan datti a kan ƙarfen da ke karanta shi. Wannan dattin kuwa muryar ce da kanta take zubewa. An fi ganin cutar a jikin manyan faya-fayan zare da aka yi daga shekarun 1970. Tsofaffin da suka gabace su, masu shimfiɗar asitet, tasu cutar daban ce: suna tsami, su ƙanƙance, su riƙa tsinkewa.

Dalilin da ya sa kudancin Kano ya fi shiga haɗari

Ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun fi arewacin jihar samun ruwan sama, damina kuma ta fi daɗewa a can. Ga kuma madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da filayen noman rani da ke kewaye da ita. Funfuna takan fara tsiro idan laimar iska ta wuce kashi 65 cikin ɗari ta daɗe a haka, wanda kuwa lokacin marka, a watan Agusta, ɗaki kan wuce wannan ma'auni kwana da kwanaki. Yadda ake ajiya ma yana taimaka mata. Akan zuba kasakasai a kwali ko adaka a tura ƙarƙashin gado, jikin bangon da ke jan raɓa, wasu ma su ƙulle su a leda, alhali leda tana tsare danshin ne a ciki. Funfunar takan fara daga takardar da ke cikin gidan kaset, ta bi gefen zaren kamar farar auduga, daga nan ta kutsa tsakanin naɗe-naɗen ta manne su.

Abin da za a yi wa kaset mai funfuna

Abu na farko shi ne kada a sa shi a rikoda. Ɗoki kan sa mutum ya so jin abin da ke ciki, amma juyi ɗaya ya isa ya kankare zaren, ya kuma shafa cutar ga duk kaset ɗin da ya biyo baya. Sai a ware shi daga masu lafiya, a busar da shi a inuwa cikin akwati mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu tsotse laima, har funfunar ta koma gari. Kada a shanya shi a rana, domin zafi yana lanƙwasa robar. Bayan nan sai a rufe hanci da baki, a sa safar hannu, a goge zaren sannu da ƙyalle mai laushi a wuri mai iska, ba ruwa ba kananzir, sannan a mayar da shi sabon gida. Busarwa ba ta kashe funfuna, kwantar da ita kawai take yi, da ta ji laima za ta farka.

Zaren da danƙonsa ya saki kuwa, masana kan ɗumama shi a na'ura ta musamman, a zafin digiri 50 zuwa 55 na tsawon awoyi, hanyar da kamfanin Ampex na Amurka ya yi wa rajista a 1993. Saukin da ake samu na makonni kaɗan ne, kuma ba a yi wa zaren asitet haka. Wannan aikin gwanaye ne.

Rigakafi

Ƙungiyar IASA ta masu adana sauti ta duniya ta ba da shawarar a ajiye zare a sanyin digiri 20 da laimar kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki yana da hunturu. A busasshen lokacin nan ne ya kamata a duba kasakasai, a rufe su cikin akwati da silika kafin ruwan farko, tare da kare su daga ƙura. A jera su a tsaye a kan kanta, nesa da ƙasa da bango da lasifika, a kuma ɓalle 'yan kunnuwan da ke samansu don kada wani ya ɗauki sabuwar murya a kan tsohuwa.

Kammalawa

Duk wannan kula jinkirta mutuwar zare kawai take yi. A 2019 hukumar UNESCO da IASA sun yi gargaɗi cewa na'urorin karanta zare da kayan gyaransu suna ƙarewa. Saboda haka mafita ita ce a juye muryoyin a kwamfuta, a ajiye kwafi biyu ko uku a wurare dabam-dabam, a rubuta sunan mai magana da gari da shekara, a kuma riƙe kaset ɗin na asali. Ina ganin ya dace sashenmu ya ɗora wa ɗaliban da suka fito daga wannan yanki aikin bin gidajen malamai da hakimai da tsofaffin masu sayar da kaset lokacin hutu, su yi lissafin abin da ya rage, a fara juye waɗanda ba su da na biyu kafin wata damina ta kama.