Tukunyar dahuwar sannu: abin da ya kamata ku sani kafin ku saya

Cikin kayan girki na lantarki da suka shigo kasuwanninmu akwai wata tukunya da take ruɗa mutane. Wasu su ɗauka ta dafa shinkafa ce, wasu kuma su zaci tukunyar furesha ce, mai hucin nan da ke narkar da wake cikin rabin awa. Ba ko ɗaya ba ce. Wannan ba ta san gaggawa ba. Da safe ake zuba mata kayan girki, a rufe, a jona ta da wuta, a tafi ofis ko makaranta ko kasuwa, da yamma a dawo a tarar abinci ya nuna. Takan ɗauki awa shida zuwa takwas, wani lokaci har goma, kuma duk tsawon wannan lokaci ba a juyawa, ba a ƙara ruwa, ba mai tsaya mata a kai.

Ƙirarta ba wuya. Akwai gangar ƙarfe ta waje wadda wayar zafi ke kewaye da cikinta, akwai tukunyar tangaran mai kauri da ake sakawa a ciki a kuma cire, sai murfi, wanda galibi na gilashi ne. Makunninta matakai uku ne a yawancinsu, an rubuta Low da High da Warm, wato ƙaramar wuta, babbar wuta, da ɗumin da ke riƙe abincin da ya riga ya nuna. Ƙaramar wuta da babba duk kusan wuri ɗaya suke kai zafin abincin, ƙasa kaɗan da digiri 100 da ruwa ke tafasa. Bambancinsu shi ne saurin kaiwa can. Abin da babbar wuta za ta gama a awa huɗu, ƙaramar za ta nemi kamar awa takwas.

A Amurka aka ƙirƙiro ta. Wani injiniya Bayahude mazaunin Chicago, Irving Naxon, ya nemi rajistar ƙirar a 1936, aka ba shi a 1940. Tushen tunaninsa labarin da mahaifiyarsa ta ba shi ne game da garinsu, Vilna, wanda yau ake kira Vilnius, babban birnin Lituweniya. Yahudawa ba sa hura wuta ranar Asabar, don haka tun yammacin Juma'a ake haɗa wake da nama da dankali a tukunya, a kai gidan burodi, a tura cikin tanderun da ya fara hucewa, ya kwana yana dahuwa har wayewar gari. Cholent suke kiran wannan abinci. Naxon ya mayar da zafin tanderun nan na lantarki, ya sayar da tukunyar a matsayin ta dafa wake. Ba ta yi suna sosai ba sai da kamfanin Rival na birnin Kansas ya sayi kamfaninsa a 1970, ya sake fito da ita a 1971 da sunan Crock-Pot. Ta zo a kan gaɓa, domin shekarun ne matan Amurka ke fita aiki da yawa, kuma ga tukunyar da za ta yi girkin dare ba kowa a gida.

Hikimar dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya san yadda masu sayar da farfesun ƙafa ke barin tukunya ta kwana a kan garwashi ya riga ya san abin da wannan na'ura take yi. Nama mai tauri, irin su ƙafar saniya, jela, kan rago, ganda da tumbi, cike yake da jijiya da guringuntsi. Wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci ƙara ɗaure irin wannan nama take yi, ta matse ruwansa ya fita. Amma idan ya daɗe cikin ruwa mai zafi ƙasa-ƙasa, jijiyar nan narkewa take yi sannu a hankali ta koma danƙo, naman ya saki ƙashi, romon ya yi kauri har ya riƙa kama leɓe. Shi ya sa naman da ya fi araha a wurin mahauci shi ne ya fi dacewa da wannan tukunya. Haka ma kazar Hausa, tsohuwa mai taurin kai, za ta yi laushi ba tare da an ƙona rabin gas ɗin gida a kanta ba. Kazar gidan gona kuwa, wadda dama ba ta da tauri, in an bar ta awa takwas dagargajewa za ta yi, ta rasa ɗanɗano. Tsokar nama zalla marar kitse ita ma bushewa take yi ko da tana cikin ruwa.

Bayan nama, sai wake. Wanda aka saba jefa wa kanwa don ya yi saurin nuna, a nan lokaci ne ke yin aikin kanwar. Akwai kuma alkama da sauran hatsi masu tauri da ake so su fashe su yi laushi.

Abin da ba ta iyawa ma yana da yawa, kuma masu talla ba sa faɗa. Ba ta tuwo, domin tuwo sai da talge da tuƙi. Shinkafa caɓewa take yi a cikinta, taliya kuma ta narke. Ba ta suya ko kaɗan, kuma nan ne masu sabuwar tukunya suka fi shan mamaki. Jar miyarmu daɗinta daga suyar kayan miya yake, a bar tumatir da tattasai da attaruhu su tsotse a cikin mai har tsamin ya mutu. Idan aka zuba markaɗe ɗanye a wannan tukunya, bayan awa takwas za a tarar da miya tsululu, mai tsami, mai yana yawo a sama. Dalili kuwa murfin ba ya barin tururi ya fita, taruwa yake yi a jikin gilashin ya sake ɗiga ciki. Don haka a soya albasa da kayan miya a kan risho ko gas tukuna, in da hali a ɗan soya naman ma ya yi ja, sannan a juye. Minti goma sha biyar ɗin nan na safe shi ke raba miya mai daɗi da ruwan nama kawai.

Wannan riƙe tururi shi ne kuma dalilin rage ruwa. Hannun da ya saba da tukunyar murhu yakan cika ruwa saboda ya san zai ƙone. A nan ba ya ƙonewa, nama da albasa ma nasu ruwan suke ƙarawa. Ruwan da ya kusa rufe naman ya isa. Kada a cika tukunyar maƙil, kada kuma a bar ta kusan wayam: daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku shi ne daidai. Dankali da karas da doya a ƙasa ake sa su, nama a sama, domin a wannan zafin su ne suka fi jinkirin nuna, abin da mutane da yawa ba sa zato. Ganye irin su alayyahu da zogale, da kuɓewa, da kifi, da madara, sai a rabin awar ƙarshe. Miyar kuka kuwa romonta za a dafa a ciki da nama da daddawa, idan an dawo a kaɗa kukar. Kayan ƙamshi ma sukan yi sanyi bayan doguwar dahuwa, sai a ɗanɗana a ƙarshe a ƙara citta ko masoro in ana so.

Sai batun buɗe murfi. Mai girki ba ta iya haƙuri sai ta leƙa, to a nan leƙen yana da tsada. Wutar tukunyar ƙarama ce, duk buɗewa ɗaya zafin da ya tsere yakan ɗauki kamar minti ashirin kafin ya dawo. An yi murfin da gilashi ne don a duba ba tare da an ɗaga ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi kowanne muhimmanci, wato lafiya. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60. Tukunyar tana da aminci ne saboda tana fitar da abinci daga wannan tsakani cikin 'yan sa'o'in farko, ta riƙe shi sama da haka har a gama. Duk abin da zai ja wannan lokaci ya yi tsawo haɗari ne. Na farko shi ne daskararren nama daga firiza: kada a jefa shi ciki haka nan, a bar shi ya saki a cikin firji tukuna. Na biyu, kada a ɗumama kwantan abinci a cikinta. A tafasa shi a kan wuta, in ya so a juye a ciki a sa a kan ɗumi. Abin da ya rage bayan an ci kuma a kwashe shi a sa a firji cikin awa biyu, kada ya kwana a tukunyar yana hucewa.

Akwai wani jan wake na ƙasashen waje, manya masu siffar ƙoda, da ake sayarwa a manyan kantuna. Ɗanyensa yana ɗauke da wani guba na halitta wanda sai tafasa mai ƙarfi ke kashe shi. Zafin wannan tukunya ba lallai ya kai ba, kuma waken da ya yi rabin dahuwa ƙwaya kaɗan ma sun isa su kawo amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Ƙa'idarsa ita ce a jiƙa shi aƙalla awa biyar, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai a kan wuta na aƙalla minti goma, wasu hukumomin lafiya ma rabin awa suke cewa, sannan a juye a tukunyar. Wanda aka sayo a gwangwani an riga an dafa shi, ba shi da wannan matsala. Wakenmu na gida, fari da ja, wani jinsi ne daban, amma tafasa shi na 'yan mintuna kafin a juye ba ya rage komai, yana ma taimakawa.

Babbar tambaya a wurinmu ita ce wuta. An ƙera tukunyar nan ne don ƙasar da ake jona abu a tafi a bar shi, da tabbacin cewa lantarki ba zai yanke ba. Shawarar ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ke kula da lafiyar nama a can, a fili take: idan aka ɗauke wuta ba kowa a gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna, domin ba wanda ya san awa nawa ya yi yana hucewa kafin wutar ta dawo. Idan kuwa ana gida, a juye shi nan take a ƙarasa a kan gas ko gawayi. Ku auna wannan da halin unguwarku. Wanda ke layin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana yana da hujjar gwadawa, amma ko shi sai ya lura da lokutan da aka saba ɗaukewa. Mai samun wutar awa huɗu ko biyar a warwatse, gaskiya tukunyar ba tasa ba ce, sai dai in yana da sola da inbata. Masu makunnin murɗawa sukan ci gaba da aiki da kansu idan wuta ta dawo, kuma hakan ne ma ke ɓoye cewa an yanke. Masu maɓallan dijital da yawa kuma a kashe suke zama. Dabara mai sauƙi ita ce a yi girkin ranar da ake gida, ko da daddare, musamman a watan azumi inda farfesun sahur zai iya kwana yana dahuwa, in dai akwai wanda zai farga idan wuta ta tafi.

Ta fuskar cin wuta kuwa ba ta da laifi. Yawancinsu tsakanin wat 100 ne da 300, ƙasa ƙwarai da dutsen guga ko hita, waɗanda kan haura wat 1,000. Tukunya mai wat 200 da ta yi awa takwas ta ci yunit 1.6 a mita. Wannan ne ya sa ta dace da gidan da ke da sola, tunda da rana take aikinta lokacin da batir ke cika. Kunna mata janareto na awa takwas kuwa asara ce tsagwaronta.

Wajen saye a juya ƙasanta a karanta takardar da ke manne. Wutar Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120. Tukunyoyin gwanjo da yawa daga Amurka suke zuwa, tunda can ne gidansu, kuma idan aka jona irinsu kai tsaye wayar ciki ƙonewa take yi. Sai da na'urar rage ƙarfin wuta, ko a nemi wadda aka yi wa kasuwar Ingila ko Turai. A duba tangaran ɗin da kyau ko akwai tsaga, a tabbatar murfin ya zauna daidai ba ya rawa. Girmansu yakan kama daga lita ɗaya da rabi zuwa shida da rabi. Babbar za ta wadatar da mutum shida zuwa takwas, gidan yawa kuwa sai dai ta ɗauki nauyin romo kawai. Tangaran ɗin ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya: kada a ɗora shi a kan gas, kada a zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, fashewa zai yi.

Wanda wuta ba ta ba shi dama ba yana da wata hanyar da ba ta buƙatar lantarki sam. A Afirka ta Kudu, lokacin da yanke wuta ya addabe su a 2008, wata mata mai suna Sarah Collins ta fito da Wonderbag, wata jaka mai kauri da aka cusa wa soso. Ana tafasa abinci sosai a kan wuta a tukunya mai murfi, kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin ga wake, fiye da haka ga nama mai ƙashi, sai a sauke ba tare da an buɗe ba, a tura cikin jakar a ɗaure bakinta. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar cikin awa uku zuwa biyar. Turawa sun daɗe suna yin irin wannan da akwatin da aka cika da ciyawa, musamman lokutan yaƙi da makamashi ya yi ƙaranci. A gida ana iya haɗa shi da babban kwando da tsofaffin barguna ko auduga, a shimfiɗa a ƙasa, a kewaye gefe, a danne sama da matashi. Sharaɗinsa tukunyar ta kasance kusan cike, domin ƙaramin abinci saurin hucewa yake yi, kuma idan an buɗe aka tarar ya koma ɗumi-ɗumi ba ya tururi, a mayar da shi kan wuta ya sake tafasa kafin a zuba wa kowa.